Kula da Injin Dizal na Yankan Ciyawar Filin Golf: Nazari kan Wuƙa, Ƙura da Mai

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin kulawar yau da kullum da injin yankan ciyawa mai amfani da man dizal yake buƙata, irin wanda ake aske shimfiɗar filin golf da shi. An ɗora nazarin a kan yadda aka ƙera injin da ƙa'idojin da masu ƙera shi suka gindaya, sannan aka auna su da yanayin Arewacin Nijeriya. Maƙalar ta nuna cewa jadawalin awoyi da ke cikin littafin jagora bai wadatar ba a inda ƙura da zafi da gurɓataccen mai suka haɗu. Ta kuma nuna cewa wuƙaƙe, waɗanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, su ne ainihin abin da aka sayi injin dominsa.

Gabatarwa

A shekarar 1830 Edwin Budding, wani injiniya a garin Stroud na Ingila, ya yi rajistar injin yankan ciyawa na farko. Ya ɗauko dabarar ne daga na'urar da masaƙun ulu ke aske gashin yadi da ita, kuma a 1832 kamfanin Ransomes na Ipswich ya fara ƙera shi. Har yau dabarar ba ta sauya ba: ganga ce mai murɗaɗɗun wuƙaƙe tana juyawa a kan wata miƙaƙƙiyar wuƙa da ke kwance a ƙasa, ciyawa na shiga tsakaninsu tana yankuwa kamar yadi a bakin almakashi.

Injinan da Toro da John Deere da Jacobsen suke ƙerawa domin shimfiɗar da ke tsakanin wurin bugun farko da dandalin rami galibi suna da kawuna biyar, kowanne faɗinsa kimanin santimita 56, su share kusan mita biyu da rabi a wucewa ɗaya. Injin dizal mai silinda uku ko huɗu ne ke jan su, yawanci na Kubota ko Yanmar, kuma man haidirolik ne ke isar da ƙarfi zuwa tayoyi da gangunan.

Ƙwallon lambu, kamar yadda wasu ke kiran wasan, ya daɗe a Arewa. Filin Rayfield na Jos yana nan tun 1913, akwai na Kano da na Kaduna, ga kuma na IBB a Abuja. Amma injinan duk shigo da su ake yi, kayan gyaransu da dala ake saye, kuma an rubuta littattafan jagorarsu ne a ƙasashen da ba su san hunturu irin namu ba. Wannan giɓin shi ne abin da maƙalar ta sa a gaba.

Wuƙa da abin da ganyen ciyawa ke nunawa

Kanikawanmu sun ƙware a kan injin mota da janareto, don haka kunnensu yana kan rurin injin. Da zarar ya tashi da bugu ɗaya, hayaƙi bai yi baƙi ba, sai a ce lafiya lau. A ganin mai wannan nazari, nan ne kuskuren ya faro, domin shaidar lafiyar wannan inji tana jikin ciyawar da ya bari a baya.

A durƙusa a tsinko ganyen kirikiri kwana ɗaya bayan yanka, a ɗaga shi a rana. Idan wuƙa na da kaifi, bakin ganyen a miƙe yake, kore shar har ƙarshe. Idan ta dakushe, za a ga bakin ya yi zare-zare, ya yi fari, daga baya ya koma ruwan ƙasa. An yage shi ne maimakon a yanke shi. Ta wannan rauni ganyen ke zubar da ruwan jikinsa, ta nan kuma cututtukan ciyawa ke samun ƙofa. Daga nesa sai filin ya yi kamar an barbaɗa masa toka, mai kula da shi ya zaci ƙishirwa ce ko rashin taki, ya ƙara ban ruwa, alhali matsalar tana gareji.

Gwajin kaifin wuƙa ba shi da tsada. A kashe inji, a zare makulli, a sa safar hannu. A yanko siririyar takarda a sa ta tsakanin wuƙar ganga da wuƙar ƙasa, a juya gangar a hankali. Ya kamata takardar ta yanku tsaf a gefen dama da tsakiya da gefen hagu, a kan kowace wuƙa. Inda ta lanƙwashe, akwai tazara ko dakushewa. Abin da aka saba yi a nan shi ne a ɗaure wuƙar ƙasa tamau har ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. Takarda za ta yanku, gaskiya ne, amma zafi zai tashi, bakin wuƙar ya ci ba daidai ba ya zama tudu da kwari, boris ya wahala, injin kuma ya ƙara shan mai. Taɓawa kaɗan ake nema. Idan ita ba ta isa ba, wasawa ce magani.

Wasawar iri biyu ce. Akwai ta wucin gadi, inda ake juya gangar da baya a hankali ana shafa mata man wasi mai tsakuwa-tsakuwa da buroshi mai dogon mariƙi, sannan a wanke shi tas, domin ragowarsa kan cinye kaifin da aka samu. Akwai kuma gurzawa a kan injin wasi, wadda ke mayar da gangar cikakkiyar silinda bayan ta zaizaye ta zama kamar mazurari. Ta farko ba ta maye gurbin ta biyu. A filayenmu, inda rairayi ya yi yawa kuma ciyawa ke yin sako-sako da rani, wuƙa na haɗuwa da ƙasa fiye da kima, saboda haka gwajin takarda na kowace safiya ne.

Gudu ma yana cikin lissafi. Injin da ke tafiyar kilomita 8 a awa yana cin kimanin mita 133 a minti. Idan ganga mai wuƙa 8 tana juyi 1,400 a minti, sara 11,200 ke nan, wato sara ɗaya a kowace milimita 12. Wannan ya dace da tsayin da ake barin ciyawar shimfiɗa, wanda yakan kama daga milimita 10 zuwa 15. Direba ya ƙara wuta don ya tashi da wuri, tazarar saran ta wuce tsayin ciyawar, filin ya fito da kunya-kunya. Taya ɗaya mai ƙarancin iska ma ta isa ta karkatar da yankan.

Ƙurar hunturu da zafin bazara

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar da injin ke shaƙa cike take da garin yashi, wanda ya fi ƙarfen silinda tauri. Idan ya tsallake matatar iska, sai ya gauraya da baƙin mai ya riƙa gurzar ringi da bangon silinda har inji ya fara shan mai yana fitar da shuɗin hayaƙi. Al'adar cire matata a buga ta a jikin taya, ko a hura ta da iska mai ƙarfi, tana ɓula takardar da ƙananan huji da ido ba ya gani. Yawan buɗe gidan matatar ma hanyar shigar ƙura ce. Injinan suna da ma'auni mai nuna ja idan matata ta toshe. Shi za a bi. Matatar ciki kuwa ba a tsaftace ta, sauya ta ake yi.

A Maris da Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40. Ragar da ke gaban lagireto tana toshewa da busasshiyar ciyawa cikin awoyi kaɗan, don haka a share ta kullum, wani lokaci sau biyu. Ruwan rijiya zalla yana barin datti a cikin bututun lagireto. Rabi ruwa mai tsabta rabi ruwan sanyaya inji shi ne ƙa'ida.

Man gas da baƙin mai

Tankin da ya kwana rabi yana tara raɓa a cikinsa, shi ya sa ake cika shi da yamma. Da safe a buɗe ƙasan matatar mai a tsiyaye a kwalba mai haske: ruwa zai kwanta a ƙasa, man ya hau sama. Tsofaffin injina kan jure ɗan ruwa. Sababbi, waɗanda ke fesa mai da matsin da ya haura bar 1,500, ba su jurewa, kuma man jarka na bakin titi kan kashe nozul ɗinsu cikin ɗan lokaci.

Sai batun sinadarin salfa. Injinan da aka ƙera bisa ƙa'idar hayaƙi ta Amurka mai suna Tier 4 galibi suna da matatar hayaƙi, kuma suna buƙatar man da salfarsa ba ta wuce kashi 15 cikin miliyan ba, da baƙin mai mai ƙarancin toka irin CJ-4 ko CK-4. Iyakar da ECOWAS ta amince da ita a 2020 kashi 50 ce cikin miliyan. Ke nan ko man da ya cika ƙa'idar yankinmu yana iya zarce abin da waɗannan injina ke so. Wannan tambaya ce da ya kamata a yi wa dillali tun kafin a biya kuɗi. Salfa tana kuma sa baƙin mai ya yi tsami da wuri. Littattafan jagora kan ce a yi juyen farko bayan awa 50, sannan duk bayan awa 150 zuwa 250 gwargwadon samfuri. A yanayinmu ƙaramin adadin ne ya kamata a ɗauka a matsayin iyaka.

Haidirolik da giris

Tiyo ɗaya ya fashe, mai mai zafi ya zana layin matacciyar ciyawa daga wannan kai zuwa wancan, wanda kan ɗauki makonni kafin ya farfaɗo. A duba tiyo kullum inda suke gogar ƙarfe. Kada a nemi yoyo da hannu: matsin ya kai bar 200, yana iya huda fata ya shiga nama, kuma wannan rauni ne na tiyata cikin gaggawa. Kwali ake karawa. Bayan kowane wanki a ɗura giris, domin shi ke koro ruwan da ya shiga boris.

Duk waɗannan ayyuka da agogon awoyin inji ake lissafa su, kuma ba su tabbata sai an rubuta. Kira ga shugabannin kulob-kulob na golf a Arewa shi ne su ajiye littafi a gareji da za a riƙa shigar da awoyi da aikin da aka yi, su ba bakanike rabin awa kowace safiya kafin injin ya fita, su kuma tura shi ya koyi saita wuƙa da wasa ta kamar yadda ya koyi kwance inji.