Dalilan da ke sa haɗa manhaja ya ci tura daga wata kwamfuta zuwa wata

Ba kasafai ake rubuta manhajojin bankuna, ma'aikatu da shaguna tun daga tushe ba. Masu shirya su kan aro taskokin umarni da wasu suka riga suka rubuta, sannan wata manhaja da ake kira mahaɗi ta ɗinke su wuri guda. A wannan mataki ne aiki kan tafi daidai a Linux, ya cije a Windows, har miƙa shi ya yi jinkiri.

Dalili na farko shi ne bambancin fayil. Taskar da ake lodawa yayin aiki tana ƙarewa da .so a Linux, .dylib a macOS, .dll a Windows, inda mahaɗin Microsoft ke neman fayil ɗin .lib da ke rakiyarta. Na biyu shi ne jeri: mahaɗin GNU yana karantawa daga hagu zuwa dama, don haka tilas taskar .a ta zo bayan fayil ɗin da ke buƙatarta. Na uku kuwa, taska mai bit 32 ba ta haɗuwa da manhaja mai bit 64.

Lambar LNK2019 a Visual Studio tana nufin an kira wani aiki, mahaɗi bai sami inda aka rubuta shi ba. Sunan da ta ambata ake bi a gano taskar da ta ɓace. Manhajar CMake, ta kamfanin Kitware na Amurka, tana rage wahalar: sau ɗaya ake bayyana taskokin da ake buƙata, ita kuma ta tsara umarnin da ya dace da kowace kwamfuta.