Daga Jos Zuwa Jidda: Tafiyar Kakana Da Tawa

A cikin jirgi nake, kan hanyar Jidda, sai na ga allon da ke gabana yana nuna nisan tafiyar. Daga Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne ta sama, tafiyar awa biyar ko kusa da haka. Nan take kakana ya faɗo mini a rai, Allah Ya jiƙansa.

Haƙar kuza ce ta kawo shi Jos daga ƙasar Kano, ya zauna a Gangare kamar sauran tsaransa. A lokacin ƙaramin jirgin ƙasa na kai-komo tsakanin Zariya da Bukuru, layin da aka kammala a 1914 aka kuma rufe a 1957. Da ya tara ɗan guzuri sai ya ɗaura niyyar Hajji ta ƙasa. Ya bi ta Maiduguri, ya tsallaka Fort Lamy, wato N'Djamena ta yanzu, ya wuce Abeche da El Fashir har El Obeid, inda jirgin ƙasan Sudan yake tsayawa. Guzuri ya ƙare, dole ya tsaya ƙwadagon auduga a Gezira, kafin ya kai bakin Bahar Maliya ya shiga jirgin ruwa. Kakata takan ce shekara bakwai ta yi tana jiransa.

Abin lura, jirgin sama ya riga ya sauka a Kano tun 1925, kuma a 1936 kamfanin Imperial Airways ya haɗa Kano da Khartoum. To amma ina talaka ina kuɗin jirgi? Sai bayan yaƙin duniya na biyu, da irin su Alhaji Mahmud Dantata suka kafa kamfanin jigilar alhazai na WAPA a Kano, hanya ta fara sauƙi. Sauƙin ma bai hana jarrabawa ba, domin kuwa a ranar 11 ga Yuli 1991 jirgin alhazai mai zuwa Sakkwato ya faɗi a Jidda, mutum 261 suka rasu.

Da yawa daga abokan tafiyar kakana ba su dawo ba. Sun zauna a garuruwa irin su Mai Wurno, wanda mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa a gefen Kogin Nilu. Jikokinsu can aka haife su, amma har yau wasu na kiransu baƙi. Wannan kalma ai mu ma a Jos mun san ta.

Shi kuwa kakana da ya dawo, Kano bai nufa ba, Gangare ya sauka, ya ce ya iso gida. Don haka ina roƙon matasanmu, ku zauna da tsofaffin da suka rage, ku rubuta hanyoyin da suka bi da shekarun da suka zo, tun kafin ƙasa ta rufe idanunsu. Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.