Kufan Surame, Birnin Kanta

Duk mutumin Birnin Kudu ko na Gwaram ya san halin ganuwar ƙasa. In aka yi 'yan shekaru ba a yi mata yaɓe ba, sai damina ta narkar da ita ta koma tudu, manoma su hau su shuka dawa. Amma a ƙasar Hausa akwai wani birni wanda aka gina ganuwarsa da dutse, mutanensa sun watse yau fiye da shekara 300, ga ta nan kuwa har yanzu ba ta gama faɗuwa ba. Sunansa Surame, yana yamma da Sakkwato, cikin daji wajen Binji.

Wanda ya gina shi shi ne Muhammadu Kanta, Sarkin Kabi. Da fari Kanta yana bin Askiya Muhammadu na Gawo ne, har ya raka shi yaƙin Agadas wajen 1515. Da aka komo sai rabon ganima ya haɗa su, Kanta ya ga an tauye shi, ya yi tawaye. Askiya ya aiko da runduna, aka kore ta. Kanta kuwa ya san wanda ya ɓata da babban sarki ba ya kwana a fili, saboda haka ya ƙarfafa garuruwansa uku, watau Leka da Gungu da Surame, ya mai da Surame mazauninsa.

Aikin ba ƙarami ba ne. An jera duwatsu ana cike tsakaninsu da jar ƙasa, aka haƙa gwalalo a waje, sa'an nan aka kewaye gidan sarki da tasa ganuwar a ciki. Ba Kabawa kaɗai suka ɗauki wannan kaya ba, kowace ƙasa da Kanta ya ci sai ta aiko da ma'aikata. Masu ba da labari sun ce Nufawa sun makara, don haka aka hana su ruwa, aka ce su kwaɓa rabonsu da man kaɗe, wai shi ya sa wajensu ya fi ko'ina ƙarfi. Ko da labarin ƙari ne, ya nuna yadda talakawa suka riƙe aikin a ransu: aikin tilas ne, ba gayya ba.

Ganuwar dai ta biya wahalarta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambata cikin littafinsa Infaƙul Maisuri cewa Sarkin Barno ya kawo yaƙi har Surame, ya koma bai ci ta ba. Kanta ya bi sawunsa har wajen Nguru suka gwabza. A kan hanyar komowa ne aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, ya rasu, aka ɗauko gawarsa zuwa gida.

Bayansa jikoki suka riƙe birnin, amma ƙasashen da ke ciyar da shi suka yi ta zamewa. A 1674 Azbinawa suka ƙwace Adar, Gobirawa da Zamfarawa kuma suka matsa. Wajen 1700 Sarkin Kabi Tomo ya kwashe jama'a ya koma kudu, ya zauna a Birnin Kabi. Shi ma wannan birni Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci shi a 1805, daga baya sarautar Kabi ta zauna a Argungu, inda gidan ajiye kayan tarihi ke ɗauke da sunan Kanta.

A 1964 Gwamnatin Nijeriya ta sa Surame cikin wuraren tarihi waɗanda doka ta hana a taɓa, a 2007 kuma aka miƙa sunansa ga hukumar UNESCO don a duba ko zai shiga jerin kayan tarihin duniya. Wanda ya je yau zai tarar itatuwa sun tsiro cikin birnin, saiwoyi sun tsattsaga ginin, makiyaya na ratsawa da shanunsu ta inda ƙofofi suke a da.