Yadda Gidajen Rediyo Da Talabijin Ke Gwada Sanarwar Gaggawa

Sanarwar gaggawa ita ce saƙon da gidan rediyo ko na talabijin ke katse shirinsa domin ya isar wa jama'a a duk lokacin da wani haɗari ya tunkaro, kamar ambaliyar ruwa ko guguwa ko ɓarkewar annoba. Gwajinta kuwa shi ne a aika irin wannan saƙo a ranar da babu abin da ya faru, domin a tabbatar da cewa hanyar da zai bi a buɗe take. Mun ga ya dace mu yi wa jama'a bayanin wannan al'amari, musamman al'ummar ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo, waɗanda yawancin gonakinsu da ƙauyukansu ke bakin gulbi.

Dalilin da ya sa abin ya shafe mu

Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima, an gina ta ne domin ta riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Duk ruwan da aka saki daga cikinta sai ya ratsa fadamar Goronyo da ta Wurno kafin ya iso Sakkwato. Ita kuwa Rabah tana kan Gulbin Sakkwato ne, wanda ke gangarowa daga madatsar Bakolori ta Jihar Zamfara. A farkon watan Satumba na 2010, bayan ruwan sama mai yawa ya cika madatsar Goronyo, an buɗe ƙofofinta, daga baya kuma mazubar rarar ruwanta ta karye. Ruwa ya ci ƙauyuka irin su Kagara, ya shafe gonakin shinkafa da gero gab da girbi, ya kuma yanke hanyar shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

A irin wannan hali, tazarar da ke tsakanin sakin ruwa da isowarsa ita ce kaɗai damar da manomi ke da ita ta kwashe iyalinsa da bisashensa da abin da ke cikin rumbu. Har ila yau, ba za a dogara da wayar hannu kawai ba. A watan Satumba na 2021, saboda matsalar tsaro, an rufe layukan waya na wani lokaci a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na wannan jiha, ciki har da Rabah da Goronyo. A waɗannan makonni, ƙaramin rediyo mai batir shi ne ya rage wa mutane da dama.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

Ƙasar Amurka ce ta fi shahara wajen wannan gwaji. Ta fara tsarin gargaɗi ta rediyo a 1951, ta sauya shi a 1963, sannan ta kawo wanda ake aiki da shi tun daga 1997. Doka ta wajabta wa kowace tasha ta girka wata na'ura da ke sauraren wasu tashoshi aƙalla biyu dare da rana. Saƙon yakan fara da wata ƙara mai kaushi da ake maimaitawa sau uku, wadda a cikinta aka ƙunsa bayanin wanda ya aiko, da irin haɗarin, da yankin da abin ya shafa, da tsawon lokacinsa. Daga nan sai amon jan hankali, sai muryar mai sanarwa, sai kuma alamar rufewa. Gwaji iri biyu ne ake yi a kai a kai. Na mako-mako gajere ne, kowace tasha kan yi nata, ba dole ba ne ma a sa murya. Na wata-wata shi ne mai nauyi, domin yana fitowa ne daga hukuma ko wata babbar tasha, kuma wajibi ne sauran tashoshi su maimaita shi cikin minti 60. Wata ɗaya a yi shi da rana, wata mai biye a yi shi da dare, saboda kada a san ƙwazon ma'aikatan rana kawai. Ana rubuta kowane gwaji a littafin aiki, ana kuma cin tarar duk wanda ya sa wannan amo a talla ko a wasan kwaikwayo.

Ba a banza suka tsananta haka ba. Ranar 20 ga Fabrairu, 1971, wani ma'aikaci ya aika saƙon gaske a maimakon na gwaji, amma tashoshi da yawa ba su katse shirinsu ba, ko dai don sun ɗauka gwajin da aka saba ne, ko kuma ba wanda ya duba na'urar. Da aka yi gwajin farko na ƙasa baki ɗaya ranar 9 ga Nuwamba, 2011, a wurare da dama muryar ba ta fito sosai ba, wasu tashoshin ma saƙon bai kai gare su ba. Sai kuma abin da ya faru a tsibiran Hawayi ranar 13 ga Janairu, 2018, inda a tsakiyar atisaye aka aika wa jama'a cewa makami mai linzami na tafe, aka shafe minti 38 kafin a janye maganar.

A Japan, tashar NHK kan yi nata gwajin sau ɗaya a wata, gab da ƙarfe 12 na rana, da wata alama da ke iya kunna rediyon da aka ƙera don haka ko da mai shi bai taɓa shi ba.

Abin da ya kamata gwaji ya duba a nan gida

A wajenmu saƙon hannu da hannu yake bi, ba na'ura da na'ura ba. Hukumar NiMet ce ke hasashen damina, hukumar NIHSA na fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke kula da madatsun, yayin da NEMA da takwararta ta jiha, SEMA, ke da alhakin agaji. Daga gare su ne bayani ke isa gidajen Rediyo da Talabijin na Rima, da NTA Sakkwato, da sauran tashoshin FM, mai gabatarwa ya karanta. Don haka a ganinmu abin gwadawa a nan mutane ne kafin na'ura. Wa ke da ikon cewa a katse shiri? Idan saƙo ya zo ƙarfe biyu na dare, wa zai ɗauki waya, kuma ta yaya zai tabbatar cewa daga hukuma yake ba daga mai neman tayar da hankali ba? Idan aka ɗauke wuta, minti nawa janareta ke yi kafin ya tashi, kuma akwai mai a cikinsa?

Bugu da ƙari, kalmomin sanarwar kansu abin gwadawa ne. Ya kamata a tanadi rubutacciyar sanarwa tun kafin buƙata, da Hausa da Fulfulde, mai faɗin sunayen garuruwa ɗaya bayan ɗaya, da lokacin da ake sa ran ruwa, da tudun da za a nufa. Cewa "mazauna bakin kogi su yi hattara" ba ta tayar da kowa daga gidansa, domin kowace damina ana faɗin haka. A talabijin kuma kada a tsaya ga rubutun da ke wucewa a ƙasan allo, a haɗa da murya, tunda ba kowa ke karanta boko ba.

Mataki mafi muhimmanci, wanda kuma ya fi saurin shiga mantuwa, shi ne na bin sawu. Fitar saƙo daga ɗakin watsa shirye-shirye ba ita ce shaidar cewa ya isa ba. Zangon FM ba ya tafiya nesa kamar matsakaicin zango, kuma tashar da ake ji tangaran a cikin birni tana iya zama shuuu a cikin fadama. Hanya mai sauƙi ita ce a ajiye masu saurare a wasu ƙauyuka ta hannun iyayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni, kowa ya rubuta ko ya ji, da ƙarfe nawa ya ji, da abin da ya fahimta. A nan ne kuma za a ga ko mai shela da lasifikar masallaci sun ɗauki saƙon zuwa ga wanda ke gona ko mashaya. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne watan Mayu zuwa Yuni, kafin gulbi ya kawo a Agusta da Satumba.

Ga mai saurare

Sanarwar gwaji ta gari takan faɗi cewa gwaji ce a farkonta da ƙarshenta, kuma akan sanar da ranarta tun da wuri. Wanda ya ji ta ba sai ya tashi daga inda yake ba, sai dai ya lura ko muryar ta fito sosai. Idan an sanar da gwaji amma bai ji ba, ya shaida wa mai unguwa ko jami'in yaɗa labarai na ƙaramar hukumarsa. Muna kuma roƙon jama'a kada su naɗi sanarwar gwaji su yaɗa ta a WhatsApp bayan sun yanke wurin da aka ce gwaji ce, kuma kowane gida ya ajiye batir na ko-ta-kwana tun daga faɗuwar ruwan farko.