Gatse da Habaici: Daga Bakin Mawaƙi zuwa Takarda

1.0 Gabatarwa

Gatse shi ne mutum ya faɗi magana alhali kishiyarta yake nufi, kamar uwa ta ce wa yaron da ya fasa tulu, "Sannu da aiki." Habaici kuwa suka ce a fakaice, ba tare da an kama suna ba. Wannan takarda za ta dubi yadda waɗannan dabaru suka sauya kama lokacin da adabin Hausa ya shiga rubutun boko.

2.0 A Adabin Baka

Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa sukan yabi ubangidansu, sannan su jefi abokan hamayyarsa da habaici. Mai sauraro yana gane manufa daga muryar mawaƙi, da amshin 'yan amshi, da sanin da yake da shi na wanda ake takara da shi a kan sarauta. Wanda aka soka ba shi da bakin kai ƙara, domin ba a ambace shi ba. Idan ya yi fushi, ya tona kansa.

3.0 A Gajerun Labarai

Takarda ba ta da murya. Saboda haka marubutan da suka fito bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 sai da suka nemi wata hanyar nuna gatse. Abubakar Imam ya sanya shi cikin ginin labari. A Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, mai karatu ya san Waziri yana ƙulla makirci, ya kuma san dalilin da ya sa Aku yake tsare Musa da labari bayan labari. Musa bai sani ba. Tazarar da ke tsakanin sanin mai karatu da rashin sanin Musa ita ce take riƙe littafin. Daga ƙarshe Wazirin da aka amince wa ya tozarta, tsuntsu ya sami muƙaminsa. Darasin da ke ciki game da amana a fada a fili yake, ko da yake ba a ambaci wani sarki mai rai ba.

4.0 A Rubutacciyar Waƙa

Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ya rubuta "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" a daidai lokacin da siyasar jam'iyyu take kankama a Arewacin Nijeriya. A zahiri waƙar tana goyon bayan sarauta. Amma cikin wannan goyon baya ne ya jero laifuffukan masu mulki, ya tuna musu abin da ya sami sarakunan Indiya bayan 'yancin kai na 1947. Yabon ne ya buɗe wa gargaɗin ƙofar fada.

5.0 Kammalawa

Ɗalibin da ya ɗauki kowace jimla a kan fuskarta zai iya mayar da suka yabo. Don haka kafin ya yanke hukunci a kan matani, ya tambayi kansa: wa yake magana, wa ake nufi, kuma me mutanen zamanin suka sani wanda ba a rubuta ba?