Daga Abawa Zuwa Zaren Roba: Yadda Aka Koya wa Nailan Laushi

Duk wanda ya san Kodjoviakopé, unguwar da ta jingina da iyakar Aflao, ya san cewa dilolin yadi ba sa yanke ratsa ta. Daga tashar jiragen ruwan Lome da kasuwar Asigame suke fitowa su nufi Gana. Cinikin tufafi kuwa tsohuwar sana'ar Bahaushe ce a garin nan. Tun zamanin Jamusawa fatake ke sauka Zango da riguna saƙi da turkuɗin Kura, kuma ko da aka tashi tsohon Zango zuwa Agoè a 1977, sana'ar ba ta bar hannunmu ba. A al'adarmu hannu ke fara ciniki kafin baki: mai saye ya murza yadi tsakanin yatsu, ya ji laushinsa, sannan ya taya. Sai dai yau hannun kan ruɗu, domin yadi mai laushin auduga sau da yawa daga ɗanyen man fetur ya fito. Wannan laushi yana da tarihi.

Kakanninmu mata sun riga masana'antu sanin sirrin. Idan an gurje auduga an fitar da angurya, sai a shiɓe ta da bakan shiɓa har ta tashi fur-fur, a naɗe ta sutu, sannan a kama kaɗi da mazari. Zare iri biyu suke fitarwa: siriri mai tsananin murɗi wanda ke riƙe tsayin saƙa, da abawa mai kauri da sassauci wadda ke ba zane jiki da taushi. Silin auduga gajere ne, da ƙyar ya wuce gaɓar yatsa, kuma a karkace Allah ya halicce shi. Saboda haka idan silai suka haɗu ba sa kwanciya lif, sukan bar wa iska gurbi a tsakaninsu. Iskar nan ita ce laushin, ita ce ɗumin gwado da hunturu.

A 1935 Wallace Carothers na kamfanin DuPont a Amurka ya haɗa nailan. A 1941 kuma Whinfield da Dickson suka samar da foliyesta a Ingila, wanda aka sayar da sunan Terylene. Narkar da sinadarin ake yi a turo shi ta ƙananan huji kamar taliya, sai ya fito sili dogo marar iyaka, sumul kamar zaren fatsa. Ƙarfi akwai, ƙyalli akwai, amma silan a manne suke da juna, babu inda iska za ta shiga. Rigar da aka saƙa da shi sai ta lafe a jiki, ga santsi ga zufa. Aikin da ya rage wa masana shi ne su sa wannan miƙaƙƙen sili ya lanƙwashe.

Dabara ta farko ta fito ne daga kamfanin Heberlein na garin Wattwil a Suwizalan, wanda ya fara gwada ta a shekarun 1930, daga baya ya ɗora ta kan nailan da sunan Helanca. A murɗe zare tamau, a gasa shi a murɗen, a bar shi ya huce, sannan a warware. Da yake roba tana riƙe siffar da zafi ya ba ta, kowane sili sai ya zauna a nannaɗe, zaren ya kumbura ya riƙa talewa yana komawa. A shekarun 1950 aka haɗe matakan a inji guda, zare na gudu ana murɗa shi ana gasawa ana warwarewa ba tsayawa. A wannan zamanin ne kamfanin Bancroft na Amurka ya fito da Ban-Lon, inda ake cusa zare cikin ƙaramin akwati mai zafi har ya tattakure, DuPont kuma ya fito da Taslan, inda iska mai ƙarfi ke hargitsa silan su yi ƙananan zobba. A Ingila aka yi Crimplene, yadi mai kauri da ba ya neman guga. Ko zaren ulun da mata ke saƙa hular jarirai da shi, galibinsa bai taɓa bayan tunkiya ba. Akirilik ne: ana gauraya sili mai tsukewa da marar tsukewa a turara su, na farko ya tsuke, na biyu ya tattaru ya yi tozo. Duk hanyoyin nan abu guda suke nema, wato abin da bakan shiɓa ke yi wa auduga.

A ƙasashen renon Faransa, da sunan Tergal foliyesta ya shigo, ya zama wandon ma'aikaci da kayan 'yan makaranta. Amma atamfa ta daɗe tana ta auduga. Matan nan da ake kira Nana Benz sun yi arzikinsu ne a Asigame da atamfar Holan, masaƙar Datcha kusa da Atakpamé kuma tana buga tata a gida. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, turmin Holan ya fi ƙarfin talaka. Daga farkon shekarun 2000 atamfar Sin ta cika tashar Lome, kuma a kusan lokacin ne foliyesta ya zarce auduga a yawan abin da duniya ke samarwa. Yau fiye da rabin zaren duniya foliyesta ne. Da ba a koya masa laushi ba, da atamfar roba ba ta shiga lefe ba, da barguna da rigunan sanyi na kasuwar gwanjon Hédzranawoé ba su samu mai taya su ba. An samu sauƙi, marar hali ya yi sutura. Amma masaƙa da marina da masu kaɗi su suka biya kuɗin wannan sauƙi.

Akwai kuma abin da murɗi da gashi ba su canza ba. Auduga kan sha danshi kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinta, foliyesta kuwa ba ya kai kashi 1. A gari mai gumi irin Lome, jiki ne ke ba da labari da rana tsaka. Mafi muni shi ne wuta: roba narkewa take yi ta manne a fata, don haka mai girki a bakin murhu da yaro mai rarrafe kusa da gawayi sun fi kowa bukatar auduga. Wanda yake shakka ya zare sili ɗaya daga bakin yadi ya kusantar da ashana. Auduga za ta ci da ƙaurin takarda ta bar toka mai laushi. Roba za ta tsuke ta dunƙule ta zama ƙwallo baƙi mai tauri.

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. A zamanin nan ta koyi ado, har ta koyi laushi, sai dai ba ta koyi shan zufa ba. Haƙƙin ɗan kasuwa ne ya faɗa wa mai saye wane zare ke hannunsa, domin da amana aka san fataken Zango tun kafin a haifi nailan.