Breitspurbahn: Kawunan jiragen ƙasan Hitler da ba su wuce takarda ba

Breitspurbahn kalma ce ta Jamusanci da ke nufin layin dogo mai faɗi. Suna ne na shirin da Adolf Hitler ya ɗora wa hukumar jiragen ƙasa ta Jamus, wato Reichsbahn, a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Daga 1942 zuwa 1945 injiniyoyi sun zana kawunan jirage da taragai iri-iri dominsa, amma ko ɗaya ba a ƙera ba, kuma ko taku ɗaya na layin ba a shimfiɗa ba.

Fritz Todt, ministan makamai, shi ne ya kawo shawarar gina babban layin dakon kaya zuwa gabas. Todt ya mutu a hatsarin jirgin sama a watan Fabrairun 1942, sai Hitler ya rungumi shirin ya ƙara masa girma. An tsayar da tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogon a kan mita 3, fiye da ninki biyu na milimita 1,435 da akasarin ƙasashen Turai ke amfani da shi.

Kamfanoni irin su Henschel da Krupp da Borsig sun shiga aikin, inda aka gabatar da zane kusan 40 na kawunan jirage: masu aiki da tururi, da masu dizal, da masu lantarki, da kuma masu injin iskar gas. An so jirgin fasinja ya riƙa gudun kilomita 200 zuwa 250 a awa ɗaya. Kowane tarago zai kai mita 42 a tsawo, mita 6 a faɗi, mita 7 a tsayi, kuma mai hawa biyu. A cikin zanen har da ɗakin cin abinci da silima da shagon aski.

Sai dai manufar shirin tana cikin taswirarsa. Layukan za su haɗa Berlin da Munich da Paris, su miƙe ta Yukren har Rostov. Burin shi ne kwaso hatsi da ma'adinan yankunan Tarayyar Sobiyet da aka mamaye zuwa Jamus, da kai Jamusawa 'yan kama-wuri-zauna gabas. An kuma zana wasu taragai na daban, marasa kayan alatu, domin jigilar mutanen gabashin Turai da ake tilasta wa aikin bauta.

Ƙwararrun Reichsbahn ba su gamsu ba. A ganinsu ƙara layuka a kan tazarar da aka saba ya fi sauƙi da arha, domin sabon layin ba zai haɗu da kowane tsohon layi ba, kuma sai an gina masa gadoji da tashoshi nasa. Amma da yake umarni ne daga Hitler, babu mai ikon dakatarwa. Ma'aikata suka ci gaba da zane har watannin ƙarshe na yaƙin, alhali bama-bamai na rugurguza tashoshin da ake da su.

Abin da masana'antun Jamus suka ƙera a zahiri a waɗannan shekaru shi ne kan jirgi mai tururi samfurin 52, wanda aka rage masa duk wani ƙyale-ƙyale saboda ƙarancin ƙarfe da ma'aikata. An ƙera fiye da 6,000, wasunsu sun ci gaba da aiki shekaru da dama bayan yaƙin. Na Breitspurbahn kuwa, zane da ƙananan samfura kaɗai suka rage bayan Jamus ta miƙa wuya a watan Mayun 1945.